Dala 10,000 Don a Tambayi Unguwa: Sharhi Kan Tallafin Likitocin Yara a Amurka

A watan Fabrairun 2007 wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Deamonte Driver ya rasu a wani asibiti a birnin Washington. Ta haƙori ajalinsa ya zo. Haƙorin ya ruɓe, ya tara mugunya, ƙwayoyin cutar suka bi ta nan suka hau ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata sau biyu, ya shafe kusan mako shida a kwance, kuɗin jinyar da aka ƙiyasta ya haura dala 250,000. Da an cire haƙorin tun da wuri, abin da za a kashe bai fi dala 80 ba.

Gidansu a gundumar Prince George's ta jihar Maryland yake, tafiyar 'yan mintoci a mota daga majalisar dokokin Amurka. Iyalin talakawa ne, kuma a ƙa'ida 'ya'yan gidan suna da haƙƙin inshorar lafiya ta gwamnati da ake kira Medicaid, wadda doka ta ce ta haɗa har da haƙoran yara. To amma likitocin haƙoran da ke karɓar katin ƙalilan ne, domin abin da gwamnati ke biyan su bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta yi watanni tana neman wanda zai duba ƙanensa, wanda haƙoransa shida suka ruɓe, kuma shi ne mai kukan ciwo. Sai da wata lauya ta sa baki, aka yi ta buga waya wuri-wuri, kafin a samu. Ana cikin haka iyalin suka yi zaman wucin gadi a gidan marasa matsuguni, adireshi ya canza, inshorar ta yanke. Shi Deamonte bai cika ƙorafi ba, har ranar da ya dawo gida da ciwon kai.

Na fara da wannan labari ne saboda duk abin da ake buƙata don ceton yaron yana nan a wurin. Akwai doka, akwai kuɗi, akwai likitoci, a ƙasar da a lokacin take kashe fiye da dala tiriliyan 2 a kan lafiya kowace shekara. Hanyar da za ta kai shi ga kujerar likita ce babu. Tsakanin haƙƙin da yaro yake da shi a takarda da kulawar da yake samu a zahiri akwai wani rami, kuma ramin kowace unguwa daban yake. A nan rashin mota ne, a can rashin tafinta, a wani wuri asibiti na tashi ƙarfe biyar alhali uwa ba ta baro wurin aiki sai ƙarfe shida, a wani wurin kuma tsoron jami'an shige da fice ne ke hana iyaye fitowa da yaro ko da shi ɗan ƙasa ne. Wanda yake zaune a ofishin ma'aikata a babban birni ba zai iya sanin wanne ne ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Don cike irin wannan rami ne Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, wato AAP, wadda aka kafa a 1930 kuma take da mambobi kusan 67,000, ta kafa wani shiri a farkon shekarun 1990 mai suna CATCH. Ma'anar sunan ita ce samar wa yaro hanyar kaiwa ga lafiya a cikin al'ummarsa. Kuɗin da shirin ke bayarwa ƙanana ne ƙwarai: har zuwa dala 10,000 ga likitan yara da ya gama ƙwarewa, da kuma har zuwa dala 2,000 ga likitan da yake cikin shekarun neman ƙwarewa. Akwai tallafin aiwatarwa, na fara aikin gwaji. Akwai kuma tallafin tsarawa, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin ba a ba da shi don a sayi magani ko a gina ɗaki. Ana ba da shi ne don likita ya fita daga ɗakin duba marasa lafiya, ya shiga unguwa, ya tambayi mutane me ke hana 'ya'yansu zuwa, sannan su zauna tare su tsara mafita.

Lokacin da shirin ya fito yana da ma'ana. Tsakanin 1989 da 1991 annobar ƙyanda ta ɓarke a Amurka, ta kama mutane kusan 55,000, ta kashe fiye da 120, mafi yawan waɗanda abin ya fi shafa ƙananan yaran talakawan birane ne da ba a yi musu rigakafi ba. Allurar ƙyanda kuwa tana ƙasar tun 1963. Abin ya ba likitoci kunya, ya kuma nuna musu cewa zama a ofis ana jiran wanda ya zo yana nufin barin wanda bai zo ba. Gwamnati ta amsa da nata babban shirin, na ba yaran talakawa rigakafi kyauta, wanda ya fara aiki a 1994. Su kuma likitocin yara suka koma ga wani tunani da ya daɗe a cikinsu. Tun ƙarshen shekarun 1960 Robert Haggerty na birnin Rochester yake cewa majinyacin likitan yara shi ne duk yaran garin, har da waɗanda bai taɓa gani ba. A birnin Cambridge na jihar Massachusetts, Philip Porter ya nuna cewa za a iya kai ma'aikatan jinya cikin makarantun unguwanni a duba yara a can, galibi ta hanyar sake tsara kuɗin da birnin yake kashewa dama. Gidauniyar Robert Wood Johnson ta ɗauki nauyin yaɗa wannan salo a shekarun 1980, daga nan aikin ya koma hannun AAP ya zama CATCH.

Akwai kuma kalmar da ba za ka karanta takardun shirin ba ka rasa ta: gidan lafiya na yaro. Ba gini ake nufi ba. Ana nufin kowane yaro ya kasance yana da wuri guda da aka san shi, inda tarihinsa yake, inda akwai wanda zai lura idan bai zo rigakafi ba, wanda zai haɗa shi da likitan ido ko na haƙori ya kuma bi sawu. AAP ta fara amfani da kalmar a 1967 a kan yara masu lalura ta musamman, sai Calvin Sia, wani likitan yara a Honolulu, ya faɗaɗa ta a shekarun 1980 har ta zama manufar ƙungiyar a 1992. Deamonte bai da irin wannan gida. Da yana da shi, da akwai wanda zai leƙa bakinsa tun haƙorin bai kai ga ruɓewa ba.

To me dala 10,000 za ta saya a ƙasar da kwana guda a asibiti zai iya cinye rabinta? Bari mu ɗauki misali, mu sa shi a gabanmu. A ce wata likita tana aiki a asibitin unguwa a Bronx, cikin birnin New York, inda baƙi 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Ghana da na Nijar. Ta lura cewa yaran wasu gidaje ba sa dawowa ganin likita bayan an sallame su daga sashen gaggawa kan ciwon asma. Sai wani tashin ya zo, a sake kawo su da tsakar dare suna shaƙewa. A zatonta matsalar rashin sani ce, don haka abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne ta buga takardun wayar da kai. Da tallafin aiwatarwa ta nema kai tsaye, da takardun za ta buga.

Da tallafin tsarawa kuwa, ga inda kuɗin ke tafiya. Za ta biya tafinta, mai jin Hausa ko Fulatanci ko Faransanci. Za ta kama ɗakin taro a masallaci ko coci ko makaranta, ta kawo abinci, domin ba a tara iyaye mata da yamma a bar su da yunwa. Za ta biya wadda za ta riƙe yara a gefe har a gama. Za ta ba kowace uwa kuɗin mota da ɗan abin hasafi na lokacin da ta bari ta zo. Za ta ɗauki wata mata daga cikin unguwar, wadda ake jin maganarta, ta biya ta don ta bi gida-gida da 'yan tambayoyi. Shi ke nan kuɗin ya ƙare. Albashin likitar ba ya ciki. Lokacinta sadaka ne.

A zaman farko kowa zai yi shiru, ko a ce mata komai lafiya, an gode. Haka mutane suke a gaban likita, musamman baƙon da yake ganin alfarma ake yi masa. Sai a zama na biyu ko na uku wata za ta ce, ai takardar ganin likitan da ake ba su ta ƙarfe goma na safe ce, ita kuma aikin kula da tsofaffi take yi, ranar da ba ta je ba babu albashi. Wata ta ce maganin shaƙa iri biyu aka ba ta, ba ta san wanne ne na kullum ba, wanne ne na lokacin tashin ciwo, ta ji nauyin sake tambaya. Ta uku ta ce ita ta san duk wannan, damuwarta bangon ɗakin da ya yi fumfuna da kyankyasai da ɓeraye, mai gidan haya kuma ya ƙi gyarawa, yaro na komawa gida ciwon ke dawowa. A nan takardar wayar da kai ta faɗi. Abin da ake buƙata ashe buɗe asibiti ranar Asabar ne, da mai bayanin magani cikin harshen uwa, da lauya.

Maganar lauya ba ƙirƙira ba ce. A 1993 Barry Zuckerman, shugaban sashen yara a asibitin birnin Boston, ya gaji da sallamar yara masu asma zuwa gidajen da suka jawo musu ciwon, sai ya ɗauki lauya aiki a cikin asibitin. Wasiƙar likita mai gida yana iya jefarwa a kwandon shara. Wasiƙar lauya kuwa sai ya karanta. Yau ɗaruruwan asibitoci a Amurka suna da irin wannan haɗin gwiwa. A wannan asibitin dai, a 1989, Zuckerman da abokan aikinsa suka fara ba kowane ƙaramin yaro littafi a lokacin duba lafiyarsa, suna kwaɗaitar da iyaye su riƙa karanta masa, abin da ya zama shirin Reach Out and Read wanda ya kai ga miliyoyin yara. Kafin su, a shekarun 1960, Jack Geiger ya riƙa rubuta wa yara masu tamowa takardar magani a garin Mound Bayou na jihar Mississippi, amma abin da ke cikin takardar madara ce da nama da kayan lambu, a karɓa a kanti, asibiti ya biya. Da jami'ai suka yi ƙorafi, ya amsa musu cewa a littattafan likitanci maganin yunwa abinci ne. Ba CATCH ce ta ɗauki nauyin waɗannan ba, wasunsu ma sun girme ta, amma irin aikin da take son haifarwa ke nan: likita ya ga abu yana maimaituwa a gabansa, ya bi shi har tushe.

Mutum zai iya tambaya, me ya sa sai likita? Ai akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da ƙungiyoyin unguwa da suka fi shi sanin lungu da saƙo. Gaskiya ne, kuma zan dawo kan wannan. Amma likitan yara yana da abu biyu da ba kowa ke da su ba. Na farko, kusan shi kaɗai ne ma'aikacin da yake ganin yaro a kai a kai tun daga haihuwa har shiga makaranta. Jadawalin duba lafiya a Amurka ya tanadi zuwa fiye da sau goma kafin yaro ya cika shekara uku. Na biyu, idan ya yi magana hukuma tana saurare. A watan Afrilun 2014 birnin Flint na jihar Michigan ya sauya inda yake ɗebo ruwan sha, ya koma kogin Flint don rage kashe kuɗi, ba tare da an zuba maganin hana bututu tsatsa ba. Iyaye sun yi fiye da shekara suna ɗaga kwalaben ruwa mai launin ƙasa a tarurruka, ana ce musu ruwan lafiya lau. Sai a watan Satumbar 2015 Mona Hanna-Attisha, likitar yara a asibitin Hurley, ta fito da sakamakon gwajin jinin yaran garin, ta nuna cewa adadin masu gubar dalma da yawa a jini ya kusan ninkawa. Jami'an jiha sun fara da ƙaryata ta, cikin 'yan kwanaki suka janye, a watan Oktoba aka mayar da garin kan ruwan birnin Detroit da yake sha a da. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan guba.

Sai dai labarin Flint yana da ɗaci a cikinsa, kuma a nan ne nake ganin haɗarin farko na irin wannan tallafi. Iyayen sun faɗi gaskiya tun farko. Ba a ji ba sai da mai farar riga ta maimaita. Idan likita ya shiga unguwa da wannan ƙarfi nasa bai yi hattara ba, zaman sauraro zai koma lacca. Za a tara mutane, a ɗauki hoto, a sa hannu a takardar halarta, a tafi da shirin da likita ya zo da shi a aljihu tun farko. Shi ya sa ƙa'idar CATCH ta nace cewa mai nema ya nuna abokan tafiyarsa a cikin al'umma, makaranta ce, ƙungiyar iyaye ce, ofishin lafiyar gunduma ne, kuma ya nuna rawar da za su taka. Ƙungiyar ta kuma naɗa likitoci masu sa kai a rassanta na jihohi da za su duba wa mai nema takardarsa su ba shi shawara kafin ya miƙa. Ni dai idan aka ba ni irin wannan takarda in auna, abu ɗaya zan nema: shin akwai wurin da abin da mutanen unguwa suka faɗa zai iya sauya shirin? Idan sakamakon binciken a rubuce yake tun kafin a fara, to kuɗin abincin taro kawai aka kashe.

Haɗari na biyu ya fi girma, kuma duk wanda ya taɓa aiki da kuɗin masu ba da tallafi ya san shi: me zai faru idan kuɗin ya ƙare? Wa'adin tallafin bai wuce shekara ɗaya ba. Masu shirin ba su ɓoye ba cewa iri suke bayarwa, girbin sai an nemo wani ya ɗauki nauyi. Tsanin da ake fatan a hau shi ne a fara da tsarawa, a samu hujja da alƙaluma da abokan tafiya, a yi gwaji, sannan a nemi babban kuɗi. Mataki na gaba da aka fi sani shi ne shirin Healthy Tomorrows, haɗin gwiwar AAP da ofishin lafiyar mata da yara na gwamnatin tarayya tun 1989, wanda ya riƙa ba da har dala 50,000 a shekara tsawon shekara biyar, da sharaɗin cewa daga shekara ta biyu sai ka kawo dala biyu daga wani wuri a kan kowace dala ɗaya ta gwamnati. Sharaɗin yana da tsauri, amma da gangan ne: ana so tun kana da sauran shekaru a gaba ka fara neman wanda zai riƙe aikin.

A ganina kuwa, aiki ba ya tsayawa da ƙafarsa a tsarin lafiyar Amurka sai ranar da inshora ta amince ta riƙa biyan sa a matsayin aikin yau da kullum. Misalin da ya fi nuna haka ya dawo da mu kan haƙori. A ƙarshen shekarun 1990, a yankin tsaunuka na yammacin jihar North Carolina, an lura cewa ƙananan yaran talakawa ba sa ganin likitan haƙori, amma suna zuwa wurin likitan yara don rigakafi. Sai aka gwada koya wa likitocin yara da ma'aikatan jinya su leƙa baki, su shafa wa haƙoran sinadarin fuloraid mai hana ruɓewa, aikin da bai wuce minti biyu ba da ɗan buroshi, su kuma yi wa uwa bayani. Gwajin ya yi kyau, Medicaid ta jihar ta fara biyan kuɗin aikin a farkon shekarun 2000, wasu jihohi suka bi sahu, har a 2014 kwamitin ƙwararru na ƙasa kan rigakafin cututtuka ya ba da shawarar a riƙa yi wa kowane yaro tun daga fitowar haƙorin farko. Abin da ya fara a matsayin ɗan gwaji a 'yan gundumomi ya zama layi a takardar biyan kuɗi, kuma layin takardar biya ba ya jiran wa'adin tallafi.

Ba kowane shiri ne ke kaiwa can ba. Da yawa suna ƙarewa a rahoto mai kyau da ke kwance a aljihun tebur, likitar da ta jagoranta ta gaji ko ta sauya gari, matar unguwar da aka ɗauka ta koma neman wani aikin. Abin da ya fi damuna a nan shi ne amanar da aka taɓa. Uwar da ta bar aikinta ta zo ta faɗi sirrin gidanta, ta ga ba abin da ya biyo baya, ba za ta sake fitowa ba idan wani ya zo da nasa tambayoyin. Wanda zai nemi kuɗin tsarawa ya kamata ya sa a ransa tun farko cewa ko babban tallafi bai samu ba, akwai ƙaramin abu da zai iya sauyawa da ikon kansa, ko da jadawalin asibitinsa ne, kuma ya koma ya gaya wa mutanen abin da ya ji da abin da ya yi.

Akwai kuma rashin daidaito wajen wanda ke iya nema. Likitan da yake babban asibitin jami'a yana da ofishin da aikinsa rubuta takardun neman tallafi, yana da ɗalibai, yana da rana guda a mako da ba ya ganin marasa lafiya. Likitar da take ita kaɗai a wata gundumar karkara, tana ganin yara talatin a rana, Medicaid kuma tana biyan ta ƙasa da abin da inshorar 'yan kasuwa ke biya, ita ce ta fi buƙatar kuɗin, ita ce kuma ba ta da daren da za ta zauna ta rubuta. Tunda tallafin ba ya biyan lokacin likita, kowace awa da ta ba taron unguwa awa ce da ta rage daga abin da ke riƙe asibitinta a buɗe. Sauƙaƙa takardar nema da ba da mai taimakawa suna rage matsalar, ba su kawar da ita ba.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Manyan sauye-sauye a lafiyar yaran Amurka daga doka suka zo. Medicaid ta fito a 1965, aka ƙara mata tanadin duba lafiyar yara da yi musu magani a 1967. A 1997 aka kafa wani shirin inshorar yara mai suna CHIP don yaran iyalan da samunsu ya ɗan haura na Medicaid amma ba su iya sayen inshora. A lokacin kusan kashi 14 cikin ɗari na yara ba su da inshora, zuwa 2016 adadin ya sauko kusan kashi 5. Bayan rasuwar Deamonte majalisa ta yi zaman sauraro, Maryland ta ƙara kuɗin da take biyan likitocin haƙori, dokar 2009 ta wajabta kula da haƙori a cikin CHIP. Sannan daga watan Afrilun 2023, da aka ɗage kariyar lokacin korona wadda ta hana jihohi cire mutane daga Medicaid, miliyoyin yara suka fita daga rajista, da yawansu saboda takarda ce ba ta iso ba ko ba a cike ta a kan lokaci ba. Irin abin da ya sami iyalin Driver ke nan, a ninke sau miliyoyi. Babu adadin tallafin dala 10,000 da zai toshe wannan. Abin da ƙaramin tallafi ke iya yi shi ne ya samar da likitocin da suka shiga gidajen mutane suka gani da idonsu, waɗanda idan suka tsaya gaban 'yan majalisar jiha za su yi magana da sunan titi da lambar motar haya. Ina ganin wannan ne ya sa ake ba matasan likitoci masu neman ƙwarewa dala 2,000 ɗin nan. Aikin da za su yi da ita ƙarami ne, amma mutumin da ya koyi tambayar unguwa yana ɗan shekara talatin zai yi shekara talatin yana tambaya.

Inda abin ya taɓo mu kai tsaye shi ne reshen shirin na ƙasashen waje, ICATCH, wanda sashen lafiyar yaran duniya na AAP ke gudanarwa don ma'aikatan lafiya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Tsarinsa ƙaramin kuɗi ne a kowace shekara har shekara uku, tare da abokin shawara. Kuɗin bai kai na mota ba, amma a wurinmu yana iya horar da ungozomomi ko ya biya man babur na masu bin gida-gida. Ni dai salon ne ya fi burge ni fiye da kuɗin, domin mu a nan an fi saba wa da tallafin da ke zuwa da amsarsa a cikin kwali.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata kai jaririnta rigakafi a wani ƙaramin asibitin ƙauye da wata ƙungiya ta gyara. Fenti sabo, firijin allura mai aiki da hasken rana, benci a jere, allo a bango an rubuta ranar rigakafi da manyan baƙaƙe. Mata huɗu muka tarar. Ma'aikaciyar ta ce haka abin yake kowane mako, mutanen nan ba su damu da lafiyar 'ya'yansu ba. Da muka fito, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin ƙofa ta ce mana, "Yo 'yan nan, yau ai ranar kasuwar gaba ce. Wa zai bar kasuwa ya zo ya zauna a benci?" Rabin matan garin suna can da tallarsu tun safe, mazan da za su kawo sauran a babur su ma suna can. An yi wata takwas ana rigakafi a wannan rana, tsohuwar kuma kullum tana zaune a wurin, taku goma daga allon.